RINAR-GIZO DA ƁARAYINTA: NAZARI A KAN KAMANNINSU DA HALAYENSU DA WURAREN ZAMANSU

Gabatarwa

Bahaushe yana da manyan sunaye biyu da yake kiran ƙwarin nan masu siririn ƙugu da zafin harbi, watau rina da zanzaro. Rina ita ce mai rataya saƙarta a jikin azara ko reshen itace, tana zaune cikin jama'a, in an tsokani ɗaya sai sauran su taso. Zanzaro kuwa shi ne magini, wanda ke ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa ya liƙa ɗakinsa a kusurwar zaure ko bayan ƙyaure. Daga siffar ƙugunsa ne ma aka sami maganar nan ta "yin zanzaro" ga wanda ya cusa rigarsa cikin wando. To, amma akwai wani ƙwaro na uku da yake faɗawa tsakanin sunayen nan biyu. Shi ne wanda akan gani a gindin katanga yana sauri a ƙasa, yana karkaɗa fukafukai, wani lokaci yana jan gizo-gizon da ya fi shi girma. Wanda ya gan shi yana tashi sai ya ce rina ce, wanda ya gan shi da gizo-gizo a baki sai ya ce zanzaro ne, alhali kuwa danginsa daban.

Masana ilmin ƙwari suna kiran wannan dangi Pompilidae. A cikin wannan maƙala za a kira shi rinar-gizo, domin da gizo-gizo kaɗai yake ciyar da 'ya'yansa. Maƙalar za ta dubi yadda ake gane rinar-gizo da yadda take farauta, sa'an nan ta tsaya a kan wani rukuni na cikin dangin wanda ya bar farauta ya koma satar abin da 'yan'uwansa suka kamo. An ɗauki unguwar Ƙofar Rini ta birnin Sakkwato a matsayin misalin muhalli. Domin sauƙin bayani, za a yi amfani da kalmar "dangi" ga babban rukuni, "gida" ga rukunin da ke ƙarƙashinsa, "iri" kuma ga ƙwaro guda mai sunansa na kansa.

Yadda Ake Gane Ta

Tafiyarta ce ke fara tona ta. Rinar-gizo ta fi son ƙasa bisa sama. Takan yi gudu kaɗan ta tsaya, ta leƙa rami, ta zagaya tsakuwa, ta yi ɗan tsalle ta sauka gaba kaɗan, duk a cikin wannan hali fukafukanta ba su daina karkarwa, ƙahonnin nan biyu na kanta kuma, waɗanda take laluba da sansana abu da su, suna taɓa ƙasa. Wanda ya taɓa lura da wannan tafiya sau ɗaya, da wuya ya sake rikita ta da ta wani ƙwaro.

Sai ƙafafu. Dogaye ne ƙwarai, musamman na baya, suna kuma da 'yan ƙayoyi. Idan tana tashi, sai a ga ƙafafun suna reto. Launinta galibi baƙi ne, ko baƙi mai sheƙin shuɗi irin na rinin turkuɗi. Wasu suna da ja a ciki, wasu manya kuma fukafukansu ruwan goro ne. Ƙugunta siriri ne amma gajere, ba shi da dogon sandan nan da ke raba ƙirjin zanzaro da cikinsa. Idan ta sauka takan kwantar da fukafukai a bayanta shimfiɗe, saɓanin rina mai saƙa wadda ke naɗe nata a tsawonsu. Ƙahon mace yana da gaɓoɓi 12, na namiji 13, na macen kuma yakan lanƙwashe ya naɗe, balle bayan ta mutu. Alamar da masana suka fi dogara da ita ba a ganinta sai da gilashi mai ƙara girman abu: wata tsaga ce miƙaƙƙiya da ta ratsa gefen ƙirji ta raba shi biyu.

Hanya mafi sauƙi ta raba ta da zanzaro ita ce duba abin da ke cikin ɗakin ƙwai. Idan aka fasa ginin ƙasa aka tarar da ƙananan gizo-gizo da yawa cunkushe a ɗaki guda, wannan aikin zanzaron nan ne baƙi mai ratsin rawaya na gidan Sceliphron. Idan tsutsotsin ganye aka tarar, aikin wani zanzaro ne na daban, mai gini kamar tulu. Rinar-gizo kuwa ƙa'idarta ɗaya ce ba ta saɓa ta: ƙwai ɗaya, gizo-gizo ɗaya. Akwai 'yan gidan Auplopus da su ma suke ginin ƙasa, har su yi kama da zanzaro, amma a kowane ɗaki nasu gizo-gizo ɗaya tak za a samu, sau da yawa ma an guntule masa ƙafafu don ya yi sauƙin ɗauka.

Farauta

Mace ce kaɗai ke farauta, ita kaɗai ce kuma ke da ƙari. Namiji ba ya harbi ko kaɗan. Dukansu biyu ruwan zaƙin fure ne abincinsu, saboda haka gizo-gizon da ake wahalar kamawa guzurin ɗa ne.

Idan ta ci karo da gizo-gizo sai a yi ɗauki-ba-daɗi, wanda yawanci ba ya daɗewa. Takan lanƙwasa cikinta ta ƙarƙashinsa ta harbe shi a wajen da jijiyoyinsa suka haɗu. Jean-Henri Fabre, Bafaranshen nan da ya wallafa littattafansa goma a kan ɗabi'un ƙwari tsakanin 1879 da 1907, ya bayyana yadda ya ga wata rinar-gizo ta fara harbin wajen baki don ta kashe ƙarfin fiƙoƙin dafi, kana ta koma ƙirji ta shanye ƙafafu. Dafin ba ya kisa. Shanye jiki yake yi, gizo-gizon ya zauna da rai amma ba motsi. Hikimar wannan a fili take ga duk wanda ya san zafin Sakkwato, inda a watan Afrilu awon zafi kan wuce digiri 40: mushe ba zai kwana biyu a rami bai ruɓe ko ya bushe ba, amma mai rai yana nan ɗanye har tsutsa ta gama da shi. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Japan sun ware wani sinadari daga dafin iri biyu na wannan dangi, suka sa masa suna pompilidotoxin, suka kuma nuna cewa yana dagula 'yan ƙofofin da gishirin sodiyam ke bi ya shiga jijiya, har saƙo ya kasa tafiya daidai.

Bayan harbi sai jigila. Mafi yawansu da baya-baya suke jan gizo-gizon, sun kama shi da baki a gindin ƙafa. A nan ne wani muhimmin abu yake, wanda masanin nan na Amurka, Howard Evans, ya jawo hankali a kansa a cikin nazarinsa na 1953 a kan ɗabi'un wannan dangi. Zanzaro gini yake fara yi, sa'an nan ya tafi farauta, yana dawowa sai ɗaki. Da yawa daga cikin rinar-gizo kuwa farauta suke fara yi, kana su nemi wurin haƙa rami. Ke nan tilas ne ta ajiye kayanta a fili na wani lokaci. Takan saƙale shi a kan ciyawa ko ta ɓoye shi a ƙarƙashin ganye saboda tururuwa da cinnaka, ta je ta yi haƙa, ta riƙa dawowa tana dubawa. Idan rami ya kammala sai ta ja shi ciki, ta liƙa ƙwai ɗaya a jikin cikinsa, ta mayar da ƙasa, ta daddaɓe ta da ƙarshen cikinta, ta share alamar wurin, ta tafi ba ta sake waiwayowa. Cikin 'yan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe ta soma ci, tana barin sassan da rai ya rataya a kansu sai daga ƙarshe. Idan ta ƙoshi ta saƙa wa kanta kube na zare, ta kwanta ciki har ta rikiɗa ta fito da fukafukai.

Wanda ya fasa irin wannan ɗaki ya ga wani ƙwaro a ciki maimakon ɗan mai ɗakin, yana iya zaton uwar ba ta haihuwa, ɗan wani take ɗaukowa ta mayar nata. Haka mutanen ƙasar Sin na dā suka ɗauka game da zanzaronsu mai tara tsutsa, har sai da wani malaminsu, Tao Hongjing, wanda ya rasu a shekara ta 536, ya buɗe ɗakin ya ga ƙwan zanzaron da idonsa.

Ɗalibin adabi ba zai rasa yin murmushi ba a nan. Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, wanda ya yaudari zaki da kura da giwa, ga shi a zahiri ana jan sa a ƙasa kamar buhu.

Ɓarayin Cikin Gida

Tazarar nan da ke tsakanin kamu da binnewa ita ce ƙofar da ɓarna ke shigowa ta cikinta. Akwai rinar-gizo da ba ta farauta, ba ta harbin gizo-gizo, wata ma ba ta haƙa rami. Aikinta shi ne fakon 'yar'uwarta. Gidaje biyu ne suka fi shahara da wannan sana'a, watau Ceropales da Evagetes, kowanne da salon satarsa.

'Yar gidan Ceropales 'yar sane ce, a kan hanya take yin nata. Takan laɓe a kan ganye ko tsakuwa a wurin da mafarauta ke kai da kawowa. Da ta hangi wata tana jan gizo-gizo sai ta bi ta a baya, ta jira ta ajiye kayan ta tafi haƙa. Wani lokaci ma ba ta jira, sai ta faɗa wa gizo-gizon ana cikin jan sa. Abin da take nema wata 'yar tsaga ce a ƙarƙashin cikin gizo-gizo, wadda ita ce ƙofar huhunsa. Huhun gizo-gizo shafi-shafi ne kamar littafi, a cikin wani ɗan aljihu. Ƙarshen cikin wannan ɓarauniya a matse yake ta gefe da gefe kamar bakin wuƙa, daidai shiga wannan tsaga. Cikin ƙiftawar ido ta zura ƙwanta can ciki ta tashi. Mai kaya ta dawo, ta laluba gizo-gizonta ba ta ga kome a waje ba, ta ja shi rami, ta saka nata ƙwan, ta rufe. Ƙwan ɓarauniya shi ke riga ƙyanƙyashewa. Tsutsar ta fito daga huhu, ta nemi ƙwan mai gida ta cinye, sa'an nan ta zauna ta ci gizo-gizon ita kaɗai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jikinta ma yana ba da labarin sana'arta. Ƙarama ce, yawanci ba ta wuce santimita 1 da wani abu mai yawa ba, baƙa mai ɗigon fari ko rawaya, sau da yawa da jajayen ƙafafu. Gefen idonta na ciki yana da lotsawa kamar ƙwayar wake. Ƙahonninta a miƙe suke, ba su naɗewa kamar na sauran matan dangin. Ƙafafunta na gaba kuma ba su da jerin ƙayoyin nan masu kama da manjagara waɗanda masu haƙa ke share ƙasa da su, don ba ta da abin yi da su. Wannan alama ta ƙarshe ita ce ta fi kowace ma'ana ga mai nazari, domin kayan aiki ne da aka rasa saboda an bar aikin.

'Yar gidan Evagetes kuwa mai fasa ɗaki ce. Ita sai an gama kome an rufe take zuwa. Ƙahonninta gajeru ne masu kauri, da su take bubbuga rairayi har ta gano inda aka binne gizo-gizo, ko da mai ramin ta share wurin sarai. Sai ta tone, ta shiga, ta cinye ƙwan da ta tarar, ta saka nata, ta mayar da ƙasa yadda ta same ta. Saboda haka ita tana da manjagararta a ƙafafun gaba, har ta fi ta wasu mafarautan kyau.

Nazarin ƙwayoyin halitta da Cecilia Waichert da abokan aikinta suka wallafa a 2015, wanda ya raba dangin zuwa rassa biyar, ya sanya gidajen nan biyu a rassa daban-daban. Ma'ana ba gadon sata suka yi daga kaka guda ba. Kowanne ya faɗa cikinta ta hanyarsa. Evagetes ma reshensu ɗaya da waɗanda suke yi wa satar. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma wata hanya ta uku wadda ba sata ba ce, amma ta fi kama da zaman kaska. Wasu, kamar 'yan gidan Paracyphononyx, harbinsu ba ya daɗewa. Sukan sumar da gizo-gizo na ɗan lokaci, su liƙa masa ƙwai, su bar shi. Ya farfaɗo ya ci gaba da harkarsa da tsutsa a maƙale a jikinsa tana tsotsonsa, har ranar da za ta ƙarasa shi.

Wuraren Zamansu

An san iri kimanin 5,000 na rinar-gizo a duniya, ana kuma samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika, sai dai sun fi yawa a ƙasashe masu zafi. Tsohon sunan dangin, Psammocharidae, daga Girkanci yake, ma'anarsa masu son rairayi, kuma da wannan suna ne George Arnold, na gidan adana kayan tarihi na Bulawayo, ya wallafa babban aikinsa a kan na Afirka kudu da Sahara a shekarun 1930. Manyan cikinsu a Afirka su ne 'yan gidan Hemipepsis, masu farautar manyan gizo-gizon nan masu gashi da ke zama a rami. A Afirka ta Kudu an tabbatar cewa akwai tsirrai da dama, wasunsu dangin tumfafiya, waɗanda Hemipepsis ce ke kai musu ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Takwarorinsu a nahiyar Amurka su ne Pepsis, masu kai tsawon santimita 5. A ma'aunin zafin harbi da Justin Schmidt ya tsara, inda ƙudan zuma ke mataki na 2, Pepsis tana mataki na 4, watau ƙololuwa, ko da yake zafin ba ya wuce 'yan mintoci. Jihar New Mexico ta ɗauki ɗaya daga cikinsu a matsayin ƙwaron jiha a 1989. Akwai kuma ƙaramar nan mai ruwan toka, Pompilus cinereus, wadda ta bazu daga Turai zuwa Afirka da Asiya har Ostireliya, duk inda aka sami rairayin bakin kogi ko na teku.

Ɓarayin kuwa inda masu kaya suke nan suke. Gidan Ceropales ya game duniya, har da Afirka. Masanin nan na ƙasar Hungari, László Móczár, ya yi shekaru yana tantance ire-irensa daga shekarun 1980. Evagetes sun fi yawa a Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa.

Idan aka dawo gida, Ƙofar Rini ɗaya ce daga cikin ƙofofi takwas na tsohon birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Unguwa irin wannan, mai tsofaffin gine-ginen ƙasa a tsakanin na bulo, tana da abubuwa uku da rinar-gizo ke bukata: ƙasa mai rairayi da rana ke duka, tsagogin katanga da kangaye inda gizo-gizo ke ɓuya, da furannin itatuwa irin su dogon yaro da magarya. Gindin katangar da ruwan indararo ya zaizaye, inda rairayi mai laushi ya taru, shi ne wurin da ya fi cancanta a tsuguna a duba. Lokacin kuwa daga faɗuwar damina a watan Yuni zuwa kaka, sa'ad da ƙwari suka yawaita, gizo-gizo ya sami abinci, da hantsi zuwa azahar. Fadamun Gulbin Rima da na Gulbin Sakkwato, masu tudun rairayi a gefe, su ma irin wannan muhalli ne. Duk lungun da aka malale da siminti, ko ɗakin da ake yi wa feshin maganin ƙwari a kai a kai, ya fita daga lissafi, domin mai haƙa ba ta da wurin haƙa, ɓarauniya kuma ba ta da wanda za ta yi wa sata. Ba kuwa wani dalilin kashe su. Rinar-gizo ba ta da saƙar da za ta tsare, ba ta da rundunar da za ta taso. Sai an damƙe ta ko an taka ta take harbin mutum.

Matsalar Suna

Abin da ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye shi ne, da waɗanne kalmomi za a koyar da wannan darasi a aji? Turanci yana da kalma guda, farasayit, wadda aka yi wa rassa. Fassara ta da "ci-ma-zaune" kawai ba ta isa ba, don halaye uku ne a nan. Akwai na kaska da ƙwarƙwata da kauci, masu rayuwa a jikin wani ba tare da sun kashe shi ba galibi, domin mutuwarsa asararsu ce. Akwai na tsutsar rinar-gizo, wadda tilas ne ta kashe wanda take ci kafin ta girma. Wannan ana iya ce masa "ci-ka-kashe". Sa'an nan ga na Ceropales da Evagetes, waɗanda guzurin wani suke ci, ba jikinsa ba. "Ci-ma-zaune" ta fi dacewa da su, ko kuwa a ce "ci-gumin-wani". Sunan da aka gina a kan hali irin haka ya fi zama a kan yaro bisa ararriyar kalmar da ba ta gaya masa kome.

Amma kafin a ƙirƙiro sabon suna, wajibi ne a fara neman na gargajiya. J. M. Dalziel ya yi wa tsirrai irin wannan aiki a littafinsa na 1916, inda ya haɗa sunan Hausa da na kimiyya, ƙamusun Bargery na 1934 kuma ya tattaro kalmomi daga karorin harshe da dama, har da Sakkwatanci. Manomin fadama da makiyayi da magini suna ganin ƙwarin nan kullum, ba mamaki a sami sunaye a bakinsu da ba su shiga littafi ba. Sharaɗin tattara su shi ne kada a tambayi suna da baki kawai, don "rina" za a ce a wuce. A kai wa dattijo ƙwaron a cikin kwalba, in da hali tare da gizo-gizon da aka same shi da shi, a rubuta unguwa da wata da irin ƙasar wurin. In mai naɗaɗɗen ƙaho ce, a kama ta da bakin kwalbar, kada a sa hannu.